Tambayi Likita: Teɓa da Raunin Mazakuta, Wanne Ya Jawo Wanne?

A wannan fitowar mun ware filin ga wasiƙun da suka taru a kan ƙiba da lamarin ɗa namiji. Kamar kullum mun sakaya sunaye, mun kuma taƙaita wasiƙun.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 44, a zaune nake wuni a shago. Cikin shekara shida wandona ya tashi daga lamba 34 zuwa 42. Nauyina kilo 104, tsayina mita 1.70. Sha'awata ta yi ƙasa sosai, gabana ya daina miƙewa da asuba kamar da, ga kasala. An ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Shin tumbin nan yana da hannu? (Wani magidanci, Kano)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana da hannu dumu-dumu, kuma a ganinmu shi ya kamata a fara tuhuma kafin basir. Basir na gaskiya kumburin jijiyoyin dubura ne. Yana sa zubar jini, ƙaiƙayi da zafin bahaya, amma ba ya rage sha'awa. A ƙasar Hausa an ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa.

Sinadarin da ke riƙe da siffofin namiji, wato sha'awa, gemu, kaurin murya, ƙarfin tsoka da ƙashi, sunansa testosteron. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa a 'ya'yan maraina ake haɗa shi, amma umarnin daga kai yake saukowa. Akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, ana ce masa pituwitari, shi ke aika saƙon da ake rubutawa LH a takardar gwaji. Idan LH ya isa maraina sai su yi aiki, idan ya yi ƙasa su ma su yi sanyi.

Kitse kuwa ba ajiya ce kawai da ke kwance ba. A cikinsa akwai wani sinadari, aromatas, wanda aikinsa shi ne juya testosteron ya koma isturojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata. Kowane namiji yana buƙatar kaɗan daga ciki don lafiyar ƙashinsa. Amma idan kitse ya yi yawa sai juyin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka komai ya wadata, ta rage aika LH. Ƙari a kan haka, kitsen da ke nannaɗe da hanji da hanta yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yana kuma fitar da sinadaran kumburi, dukansu suna danne wannan umarni na ƙwaƙwalwa. Da testosteron ya sauka sai tsoka ta fara zaizayewa, kasala ta shigo, motsi ya ragu, kitse ya ƙaru, a sake komawa gidan jiya. Ana ganin wannan ɓangare na biyu, wato ƙarancin testosteron ya jawo kitse, ƙarara a jikin mazan da ake kashe wa testosteron da gangan don maganin kansar furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji: cikin shekara ɗaya kitsensu kan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100.

Sai dai ɓangarorin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. A mafi yawan maza teɓar ce ke fara zuwa, sinadarin ya biyo baya da sauka. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai takwas kan maza sama da 3,000 masu shekara 40 zuwa 79 ya gano cewa testosteron ɗin masu ƙiba ya gaza na marasa ƙiba da kusan maki 5 a ma'aunin gwajin jini na nmol/L. Wannan giɓi ya fi abin da tsufan shekaru masu yawa ke ragewa, domin tsufa shi kaɗai kusan kashi 1 cikin 100 yake ci a shekara.

Ga lissafinka. A raba nauyi da tsayi sau tsayi: 104 a raba da 2.89, ya ba da 36. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba. Amma awon ƙugu ya fi wannan faɗin gaskiya. Ka ari tef ɗin tela, ka tsaya ba riga, ka laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu bayan ka saki numfashi, ba tare da ka matse ciki ba. Santimita 94, wato inci 37, shi ne farkon gargaɗi. 102, wato inci 40, haɗari ne babba. Kada ka dogara da lambar wando, don mai teɓa a ƙarƙashinta yake ɗaure wando.

Abu ɗaya da ba za mu bari ya wuce ba: miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne fiye da aikin testosteron. Jijiyoyin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara toshewa, sau da yawa shekaru kaɗan kafin ciwon zuciya ya bayyana. Ka je a auna maka hawan jini, suga da kitsen jini a makon nan.

Likita, na yi gwajin testosteron da misalin ƙarfe uku na rana bayan na ci abinci, ya nuna 270 ng/dL. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce in fara allura. In fara? (Ma'aikacin gwamnati, Kaduna)

Kada ka fara, Malam. Wannan sakamakon ba a gina komai a kansa. Testosteron yana kaiwa ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har yamma, abinci kuma yana ƙara kayar da shi. An gwada ba maza ruwan suga giram 75, sinadarin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka haɗa rana da abinci, ka ga lafiyayyen mutum ma zai iya samun lambar da ka samu.

Ga yadda ake yi. A ɗebi jinin tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, ba ka ci komai ba tun dare, bayan ka yi barci sosai. Kada a yi shi kana cikin zazzaɓi ko kana farfaɗowa daga jinya. Idan ya fito ƙasa, a maimaita wata safiyar, zai fi kyau a ɗakin gwaji ɗaya, domin da yawa daga waɗanda gwajin farko ya nuna ƙasa, na biyu daidai yake fitowa. Ka kuma duba ma'aunin da aka rubuta: wasu na amfani da ng/dL, wasu nmol/L. Iyakar da likitoci da yawa ke bi ita ce 300 ng/dL, daidai da kusan 10.4 nmol/L. Ana ninka nmol/L sau 28.8 a sami ng/dL.

Ga mai ƙiba akwai wani tarko. Kaso mai yawa na testosteron a jini a ɗaure yake da wani furotin da hanta ke yi, SHBG. Ƙiba tana rage wannan furotin, sai jimillar ta fito ƙasa alhali sakakken da ke aiki bai taɓu sosai ba. Saboda haka idan sakamakon ya tsaya a bakin iyaka, a auna SHBG a lissafo sakakken.

Idan an tabbatar ya yi ƙasa har sau biyu, kuma akwai alamomi, sai a nemi dalili da gwajin LH, FSH da furolaktin, dukansu sinadaran da pituwitari ke fitarwa. LH mai yawa yana nufin kai yana ta kira maraina ba sa amsawa. Hangum da ya sauka maraina bayan balaga, bugu, ko larurar Klinefelter da ake haihuwar mutum da ita, duk suna jawo haka, kuma rage ƙiba ba zai gyara su ba. LH na ƙasa ko na tsaka-tsaki shi ya fi dacewa da ƙiba. Amma idan testosteron ya faɗi ƙasa da 150 ng/dL, ko furolaktin ya hau, ko akwai ciwon kai tare da raguwar gani ta gefen ido, kada a tsaya ga teɓa. A yi hoton MRI na kai, don ƙari a pituwitari yana zuwa da wannan kama.

Likita, shekara uku da aurenmu ban taɓa ko ɓatan wata ba. Maigidana yana da jiki sosai. Wata biyar ke nan wani abokinsa ya haɗa shi da allurar Sustanon duk bayan mako uku, wai tana ƙara ƙarfi da maniyyi. Ya ce yana jin daɗin jikinsa. Za ta taimaka mana? ('Yar'uwarku, Zariya)

Hajiya, Allah Ya kawo rabo mai albarka. Wannan allurar tana rufe ƙofar da kuke ƙwanƙwasawa ne. Sustanon testosteron ne tsantsa. Idan ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga jini ya cika, ta tsayar da LH da FSH baki ɗaya. Su kuwa ƙwayoyin haihuwa suna buƙatar FSH, suna kuma buƙatar testosteron ɗin da ake haɗawa a cikin maraina, wanda yawansa a can ya ninka na jini sau hamsin ko fiye. Allura ba ta iya cike wannan gurbi. Mutum zai ji ƙarfi, ruwan maniyyi yana fita, amma ƙwayoyin da ke cikinsa sun ƙare ko sun kusa, maraina kuma su ƙanƙance. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gwada allurar testosteron ta mako-mako a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, ta wallafa sakamakon a 1990 da 1996, kuma ta yi aiki.

Abin farin ciki, yawanci abin yana dawowa. Daga alƙaluman irin waɗannan gwaje-gwaje, kusan mutum biyu cikin uku sun farfaɗo cikin wata 6 da dainawa, kusan 9 cikin 10 cikin shekara guda, sauran kafin shekara biyu. Wanda ya daɗe yana yi, ko mai shekaru, ko wanda dama ƙwayoyinsa ba su da yawa, zai iya ɗaukar lokaci fiye da haka.

Ya daina, amma da sanin likitan mafitsara ko likitan sinadaran jiki, don makonnin farko zai ji kasala da mutuwar sha'awa, kuma a nan ne mutane ke komawa wa allurar. Akwai magungunan da ke tayar da maraina ba tare da kashe ƙwayoyin ba, kamar kulomifin da allurar hCG, likita ne zai ga ko sun dace da shi. A yi gwajin maniyyi yanzu, bayan ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, sannan a maimaita bayan wata uku, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna. Ƙibar kanta tana da nata laifin: kitsen cinya da mara yana ɗumama maraina, su kuwa sun fi son su gaza zafin jiki da digiri biyu zuwa uku. Ke ma a duba ki a lokaci guda. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki nuna masa wannan shafin.

To Likita, kilo nawa mutum zai rage kafin ya ga canji, kuma ta yaya? Na gwada shayin rage tumbi, gudawa kawai na yi ta yi. (Direban babbar mota, Maraɗi)

Shayin ya yi aikinsa, Malam, don yawancinsu maganin sa zawo ne, irin su filasko, ko na sa fitsari. Ruwa ke fita, kitse yana nan daram. Haka ɗamarar matse ciki. Motsa tsokar ciki kuma yana ƙarfafa ta, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona.

Abin nema shi ne kashi 10 cikin 100 na nauyinka. Mai kilo 100 ya sauke 10. Da aka tattara bincike da dama a 2013, an ga waɗanda suka rage kusan haka ta hanyar abinci testosteron ɗinsu ya ƙaru da kusan 3 nmol/L, waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu kuma ya ƙaru da kusan 9. Gwargwadon abin da ka sauke, gwargwadon abin da ya dawo.

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Idan ka rage 500 a kullum, rabin kilo ke nan a mako, kilo 10 cikin wata biyar. Neman wannan 500 ɗin ba shi da wuya a abincinmu. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana da suga kusan giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, kalori 200. Lemon malt bai fi shi sauƙi ba, duk da sunan da ya yi na ƙara jini. Shayin tasha mai suga cokali huɗu da madarar gwangwani, idan ana sha safe da dare, ya kusa cike sauran. Sai mai: kowane cokalin cin abinci na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma wanda ke zuba wa shinkafa da wake mai daga kwalba ba ya tsayawa a cokali uku. A riƙa aunawa da cokali.

A faranti, rabi ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, ko miyar kuɓewa da ba a cika mata mai ba. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, ƙwai, kifi, awara ko naman da aka yanke wa kitse, don su ke tsare tsoka. Tuwo, shinkafa ko taliya su tsaya a ragowar, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka. Fura da nono abinci ne cikakke, ba abin kora tuwo ba ne, kuma a sha ba suga. Azumin Litinin da Alhamis yana taimakawa, muddin ba a rama da soye-soye a buɗa-baki ba.

Motsa jiki: tafiya da sauri, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga, minti 30 kwana biyar a mako. Wannan ne mafi ƙaranci, minti 150. Mai son rage nauyi ya nufi 300. Kwana biyu a mako a haɗa da aikin ƙarfi, tsugunna-tashi, turin ƙasa, ɗaga jarkar ruwa. Kai da ke wuni a kan sitiyari, ka raba shi minti goma-goma duk inda ka tsaya salla.

Inda ake kuskure shi ne horon yunwa. Wanda ya koma cin abu kaɗan ƙwarai sau ɗaya a rana tsokarsa ce ke tafiya tare da kitsen, testosteron ya ƙara faɗuwa, daga baya nauyin ya dawo da riba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid kuma ya fara ganin likita kafin ya rage abinci, kada sugansa ya faɗi yana tuƙi.

Barci ma yana cikin lissafi, don a cikinsa ake haɗa yawancin sinadarin. A wani gwaji a Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na mako ɗaya testosteron ɗinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15. Idan iyali suna cewa kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke ka farka a firgice, kana kuma gyangyaɗi da rana, musamman idan kaurin wuyanka ya kai santimita 43, wannan ciwo ne mai zaman kansa da ke buƙatar asibiti. Ga direba, maganar rai ce.

Shekarata 59, na gama haihuwa. An gwada sau biyu da safe, ya yi ƙasa, na rage kilo 7 amma alamomin suna nan. Likitana ya kawo shawarar a fara ba ni testosteron. Ina tsoron zuciya. (Dattijo, Jos)

Baba, kai kam an bi matakan da suka kamata, kuma tsoronka yana da amsa. A 2023 an fitar da sakamakon gwajin TRAVERSE a Amurka, kan maza sama da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80 da ke da ciwon zuciya ko haɗarinsa. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙaru ba ga masu shafa testosteron. Amma an ɗan fi samun rikicewar bugawar zuciya, gudan jini a huhu, raunin ƙoda da karaya a cikinsu. A Ostireliya kuma, gwajin T4DM na 2021 kan maza 1,007 masu teɓa ya nuna bayan shekara biyu kashi 12 na masu allura ne ke da ciwon suga, a kan kashi 21 na waɗanda ba su samu ba, dukansu kuwa suna cikin shirin rage nauyi. Sai dai fiye da mutum ɗaya cikin biyar na masu allurar jininsu ya yi kauri ya wuce iyaka.

Don haka kafin a fara a auna PCV, wato kaurin jini, da PSA, gwajin jini na furostet, a kuma duba furostet ɗin. A maimaita bayan wata 3 zuwa 6, sannan duk shekara. Idan PCV ya haura 54, a dakata. Ba a ba mai kansar furostet ko ta nono, ko wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar jiki cikin wata shida da suka wuce, ko mai ɗaukewar numfashi a barci da ba a magance ba. Idan na shafawa ne, a wanke hannu a rufe wurin da riga, kada ya shafi jikoki ko uwargida. Ka sa ran ƙaruwar sha'awa, ɗan ƙarin tsoka da raguwar kitse kaɗan. Sikeli ba zai motsa sosai ba. Idan an yi wata shida ba ka ji bambanci ba, ku tattauna dainawa.

Ni saurayi ne, shekarata 24. Da ni siriri ne, sai na sha ƙwayar sha-ka-fashe wata takwas. Yanzu ga tumbi, ga kumatu, ƙirjina ya fito kamar na mace. Ina kuma shan tiramadol saboda aikin ƙarfi. (Matashi, Gusau)

Ɗan'uwa, abu biyu kake haɗiya, kowanne yana kashe testosteron. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe deksametason ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Yana tara kitse a ciki, fuska da ƙeya, ya siranta hannu da ƙafa, ya jawo suga da hawan jini. Kada ka yanke shi rana ɗaya. Bayan wata takwas jikinka ya daina haɗa nasa irin sinadarin, yankewa farat ɗaya kan jawo amai, faɗuwar jini har da suma. A asibiti za a riƙa rage maka shi a hankali cikin makonni. Tiramadol da kodin kuma suna toshe saƙon LH tun daga ƙwaƙwalwa, shi ma da taimakon likita ake sauka daga kansa.

Game da ƙirji, ka kwanta rigingine ka matsa bayan kan nonon da yatsu biyu. Idan laushi ne ko'ina, kitse ne, zai bi nauyi ya sauka. Idan ka ji wani faifai mai tauri kamar roba, tsokar nono ce ta girma saboda rinjayen isturojin. Sabuwa tana iya komawa, wadda ta shekara yawanci sai tiyata. Ƙullutu mai tauri a gefe ɗaya, ko jini daga kan nono, a kai asibiti ba jira.

Haɗin dabino, aya, kwakwa, madara da zuma da nake sha kowane dare yana ƙara sinadarin maza? (Ango, Katsina)

Allah Ya sanya alheri, ango. Kayan duk masu albarka ne, amma ba sa ɗaga testosteron ga wanda ke cin abinci ya ƙoshi. Ka lissafa: dabino goma kalori 200 ne ko fiye, gwangwanin madara ɗaya sama da 200, zuma cokali biyu kusan 130, ba a sa aya da kwakwa ba. Kofin ya kai abincin dare na biyu. Idan ƙugunka ya wuce inci 37, ka mayar da shi sau ɗaya a mako, a madadin tuwon dare, da dabino uku, ba madarar gwangwani.